Na tsani taurari yanzu, amma su nake kwana ina dubawa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24. Tun ina sakandare nake son wani mawaƙi, son da ya kai ni da aminiyata muka buɗe masa shafin masoya a Instagram. Mu ne masu yanka bidiyonsa, mu ne masu faɗa da duk wanda ya taɓa shi. Bara sai ya tallata wata harkar kirifto, wato kuɗin intanet, ya ce shi ma ya zuba kuɗinsa a ciki. Na kwashe ɗan abin da na tara na zuba. Ba a jima ba abin ya rushe. Shi kuwa gogan ya goge bidiyon, bai ce uffan ba, ya ci gaba da ɗora hotunan motoci.

Tun daga ranar na tsane shi, na tsani ire-irensa gaba ɗaya: mawaƙa, 'yan fim, masu tallan kaya a TikTok. Na bar wancan shafin na buɗe wani na tona asirin taurari, kuma mabiyan da na samu yanzu sun ninka na da. Matsalar ita ce aminiyata ba ta daina son sa ba. Ranar zagayowar haihuwarsa ta ɗora hotonsa, ni kuma raina ya ɓaci, na shiga ƙarƙashin hoton na rubuta mata cewa ita baiwa ce marar tunani. Mabiyana suka yi mata ca, wasu har da zagin iyaye. Ta yi bulokin ɗina, ba ta ɗaga wayata.

Anti, laifi na yi don na faɗi gaskiya? In ba ta haƙuri ne ko in rabu da ita, tunda ta zaɓi wanda ya cuce ni? Kuma ba na samun barci, sai in kai biyun dare ina duba shafinsa da na sauran don in ga me suka sake yi.

Wadda aka yaudara

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya mayar miki da alheri a kan abin da kika rasa.

Tambayarki a kan aminiyarki tana da amsa ɗaya: ki ba ta haƙuri, kuma kada ki ja lokaci. Zan zo kan yadda za ki yi. Amma abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne wanda kika jefa can ƙarshe kamar ba komai ba, cewa kina kai biyun dare a shafin mutumin da kika ce kin rabu da shi.

Bari mu fara da kuɗin, don kada ki ɗauka ina raina fushinki. Ruwa ba ya tsami banza. Tauraro ya karɓi kuɗi ya tallata harkar zuba jari kamar shawara ce yake ba masoyansa don Allah, wannan abu ne da hukumomi suka sha hukunta mutane a kansa. A Nuwamban 2018 hukumar da ke sa ido kan hada-hadar hannun jari ta Amurka, SEC, ta sa ɗan damben nan Floyd Mayweather da mai shirya waƙoƙi DJ Khaled biyan kuɗi saboda sun tallata kirifton wani kamfani mai suna Centra Tech ba tare da sun faɗi cewa biyan su aka yi ba. A Oktoban 2022 tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta amince ta biya dala miliyan 1.26, ta kuma yarda ba za ta sake tallan kirifto ba har shekara uku, saboda wani saƙo ɗaya da ta ɗora a Instagram a kan wani kirifto mai suna EthereumMax. Dala 250,000 aka biya ta a kan saƙon, ba ta faɗi adadin ba. Faransa kuwa doka sukutum ta yi a Yunin 2023 a kan masu tallan kaya a soshiyal midiya: dole su rubuta a fili cewa talla ce, an hana su tallan tiyatar gyaran jiki da wasu harkokin kuɗi masu haɗari, kuma wanda ya karya dokar zai iya shan ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000.

Saboda haka in kina da hoton bidiyon da ya goge, ko wani ya adana shi, ki tattara shi tare da shaidar tura kuɗin da duk saƙonnin da kamfanin ya aiko miki. Ki nemo wasu da abin ya shafa, ku kai ƙorafi a rubuce ga hukumar da ke kula da harkar zuba jari a ƙasarku. Ba zan yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba, galibi ba ya dawowa. Kuma ki kula, da zarar an san kin yi asara za ki fara samun saƙo daga masu cewa su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗin kirifto, ki biya ɗan wani abu tukuna. Damfara ce ta biyu, an gina ta musamman don waɗanda ta farko ta kayar.

Ba ke kaɗai ce kika juya wa taurari baya a 'yan shekarun nan ba. A Maris na 2020, lokacin da korona ta kulle mutane a gida, wasu sun rasa aiki wasu sun rasa iyaye, 'yar fim Gal Gadot ta haɗa taurari suka rera wata tsohuwar waƙar mawaƙin Birtaniya John Lennon, kowa daga gidansa, da nufin kwantar wa duniya hankali. Zagin da suka sha ya fi yabon yawa, domin masu manyan gidaje ne ke rera wa masu zullumin kuɗin haya waƙar da ke cewa a ƙaddara duniya babu mallakar dukiya. A ranar 6 ga Mayun 2024 aka yi bikin nuna kwalliya na Met Gala a New York, inda kujera ɗaya ta kai dala 75,000, a daidai lokacin da Isra'ila ke fara farmaki a birnin Rafah na Gaza. Hotunan biyu suka riƙa biyo juna a wayoyin mutane, riga mai jan ƙasa sannan yara a cikin ƙura. Daga nan aka ƙaddamar da gangamin Blockout 2024 a TikTok, na bulokin taurarin da suka yi shiru a kan Gaza.

Me ya sa abin ke zafi haka, har mutum ya ji kamar ɗan uwa ne ya ci amanarsa? Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai kallon talabijin ke jin ya san mai gabatar da shiri, ya saba da muryarsa da barkwancinsa, alhali shi mai gabatarwar bai san da zamansa a duniya ba. A wancan zamanin sai an jira lokacin shirin. Yanzu tauraron yana aljihunki, yana yi miki magana daga kan gadonsa, yana kiran mabiyansa dangi, wani lokacin har ya danna wa saƙonki alamar so ki kwana kina murna. Wannan kusancin shi ne hajar da ake sayarwa. Kamfanin kirifton bai biya mawaƙinki don ya san harkar kuɗi ba. Ya biya shi ne don akwai dubban mutane irinki da za su yarda da maganarsa yadda suke yarda da ta yayansu. Shekarun da kika yi kina yanka masa bidiyo kyauta, kina faɗa a kansa, suna cikin abin da ya ɗaga farashinsa. Na san wannan ba daɗin ji, amma ina ganin shi ne asalin ciwon, fiye da kuɗin ma.

To yanzu mu duba abin da kika yi da ciwon. A da kina tashi da shi, kina kwana da shi, kina yanka bidiyonsa, kina faɗa da mutane a kansa. Yau kina tashi da shi, kina kwana da shi, kina yanka bidiyonsa, kina faɗa da mutane a kansa. Har kin ƙara da 'yan uwansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Shi ba ya bambance mai kallonsa don so da mai kallonsa don ƙi, adadin kallo ɗaya ne yake nuna wa masu ba shi talla. Kamfanin da ya mallaki dandalin ma haka, tallar da yake saka miki a tsakanin bidiyo da bidiyo ba ta tambayar halin da zuciyarki take ciki.

Hasali ma fushin ya fi yi musu amfani. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 tsarin da ke zaɓo wa mutum abin da zai gani ya riƙa ba alamomin nan na fuska, har da ta fushi, darajar da ta ninka ta “laik” sau biyar. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka gano cewa saƙonnin da ke tara alamar fushi sun fi zama na ƙarya da na cin mutunci, sai a 2020 aka mayar da darajar alamar fushin sifili. Wannan ɓangaren na'ura ke nan. Ɓangaren ɗan Adam ya fi ba ni tsoro. A 2021 William Brady da Molly Crockett da abokan aikinsu a Jami'ar Yale sun bi saƙonni miliyan 12.7 na mutum sama da 7,000 a Twitter, suka ga cewa wanda ya yi rubutun fushi ya samu masu so da masu yaɗawa, yakan ƙara yin irinsa a gaba. Wato mabiya ne ke horar da mai shafi, shi bai sani ba.

Kin ce mabiyanki sun ninka na da. Ki yi wa kanki wani gwaji. Ki koma kan saƙonni goma na farko da kika ɗora a sabon shafin, ki karanta, sannan ki karanta goma na ƙarshe. Ina kyautata zaton na farkon a kan damfarar suke, da hujja, da ranaku. Na ƙarshen kuwa ki duba ko ba su koma kan fatar wance, da auren wane, da wa aka gani da wa ba. Ki kuma tuno saƙon da kika zauna kika rubuta cikin natsuwa amma bai samu karɓuwa ba, da abin da kika ce wa kanki a ranar. In abin da kika ce shi ne “mutane ba sa son irin wannan, gobe zan ƙara zafi”, to kin san wanda ke tuƙa shafin.

Su masu gangamin bulokin na 2024, duk da ba na jin sun cim ma abin da suka so (wanda ke da mabiya sama da miliyan 300 ba ya jin tafiyar dubbai, jerin sunayen kuma ya yi ta tsawo har ya haɗa da waɗanda suka yi magana, cikin 'yan makonni aka koma wani zancen), aƙalla sun gane inda kuɗin yake. Sun gane cewa ido ne jarin tauraro, don haka suka ce a ɗauke ido. Ke naki idon ma ƙara masa kika yi, har da na mabiyanki. Haka a farkon 2023 aka yi yayin bidiyon “kada ku sayi wannan” a TikTok, don nuna gajiya da masu tallan kaya. Ba a ɗau lokaci ba da yawansu suka koma “ku sayi wancan a madadinsa”, da kamashonsu a ciki.

Ban ce a daina sukar taurari ba. Wanda ya karɓi kuɗi ya tallata abin da ya cuci jama'a, a faɗa, a nuna hujja, a maimaita har ya ba da amsa. Wannan aiki ne mai kyau kuma 'yan kaɗan ne ke yin sa da gaskiya. Amma jikin mutum, da matarsa, da 'ya'yansa, da rashin lafiyarsa, da labarin da wani marar suna ya turo miki ta saƙon sirri ya ce ki tona, waɗannan ba sa cikin haƙƙin da kike bin sa. In gaskiya ne kin yi gulma, in ƙarya ne kin yi ƙazafi, kuma a ƙasashe da yawa na biyun yana kai mutum gaban alƙali, inda mabiyan da ke zuga ki ba za su raka ki ba. A Koriya ta Kudu mawaƙiya Sulli ta rasu a Oktoban 2019 tana da shekara 25, bayan ta shafe shekaru tana shan zagi a intanet, kuma ta sha yin magana a kan haka a fili. Ƙawarta Goo Hara ta bi ta a watan Nuwamba. Ba mai iya cewa zagi kaɗai ne sanadi, amma abin ya girgiza ƙasar har manyan shafukan labarai biyu, Daum da Naver, suka rufe wurin tsokaci a ƙarƙashin labaran nishaɗi. Kowane ɗaya daga cikin masu zagin nan yana ganin layi ɗaya kawai ya rubuta.

Wannan taron ne kika sakar wa aminiyarki. Ita kuwa ba ta da manaja, ba ta da lauya, ba ta da miliyoyin masoyan da za su tare mata. Waya ɗaya gare ta, tana kallon baƙi suna zagin iyayenta a ƙarƙashin kalmar da ƙawarta ta ƙuruciya ta rubuta. Kin tambaye ni ko laifi ne faɗin gaskiya. “Wannan mutumin ya tallata abin da ya cinye min kuɗi, kuma yana min ciwo in ga kina yabonsa” gaskiya ce, kuma da kin faɗa mata ita a tsakaninku da ba ki rubuto mini ba. “Ke baiwa ce marar tunani” zagi ne. Ki kuma tuna cewa kafin bara, duk abin da take yi yau ke ma kina yi, watakila ma kin fi ta. Asara ce ta buɗe miki ido, ita ba ta yi asarar ba. Ba ta zaɓi wanda ya cuce ki a kanki ba, ta ci gaba da jin waƙoƙin da kuka girma kuna ji tare ne.

Ga yadda nake so ki yi. Ki goge abin da kika rubuta tukuna, in har yana nan. Sannan, tunda a bainar jama'a kika ci mutuncinta, a bainar jama'a za ki fara gyarawa: ki rubuta a shafinki cewa kin zagi wata da ba ta yi miki komai ba, kin yi kuskure, kuma duk wanda ya sake taɓa ta za ki yi bulokinsa. Kada ki ambaci sunanta, kada ki sa hotonta, kar ki sake jawo mata wasu. Bayan haka ki same ta ido da ido. In ba za ta yarda ta gan ki ba, ki nemi wata babba da ku biyun kuke jin kunyarta ta shiga tsakani. In kun zauna ki ce kin yi laifi, ki faɗi laifin da sunansa, ki yi shiru. Kada ki biyo shi da “amma ke ma”, kada ki kawo maganar kuɗin a ranar, kada ki gindaya mata sharaɗin sai ta daina son sa. In ta huce, wata rana za ki iya gaya mata cewa kin so a ce ta tsaya miki lokacin da kika yi asara. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma mai yiwuwa ita ma tana da abin faɗa a kai. Amma ranar ban haƙuri ba ranar bin bashi ba ce. Tana iya ƙin karɓa da wuri, tana iya yafewa amma ba ku koma kamar da ba. Wannan nata ne.

Abin da ya sa na nace a kanta: a duk shekarun nan da kika ce kin yi kina son mawaƙin, wa kike kira in sabuwar waƙa ta fito? Wa kuke kwana kuna dariya da ita kuna zaɓen hoto? A cikin mutum biyun nan ɗaya ce kawai ta san sunanki, ta san ranar da kika yi kuka.

Shafin kuma, ki ajiye shi wata guda cur. Ki cire manhajar daga wayar, kada ki tsaya a kan “zan rage”. Ki yi bulokin mawaƙin da duk waɗanda kike bibiya don ki ji haushi, bulokin gaske, ba wanda za ki zagaya ta wani asusun ki leƙa ba. Kwanakin farko za ki ji hannunki yana neman wayar da kansa, kuma za ki ji kamar wani babban abu na faruwa ba da ke ba. Ki bar wayar a wajen ɗakin kwana. In watan ya cika kina son komawa, ki taƙaita shi ga abu ɗaya: tallace-tallacen da ake ɓoye cewa talla ce, da hujja, sau ɗaya a mako, ba zagi, kuma ki riƙa goge zagin masu tsokaci. Mabiya za su ragu sosai, ki sa wannan a ranki tun yanzu. In kin ga ba za ki iya jure raguwar ba, gara ki rufe shi gaba ɗaya.

Kin iya yanka bidiyo, kin iya rubutun da ke tsayar da mutum, kin iya tara jama'a a shafi har sau biyu daga sifili. Mutane na cin abinci da ƙasa da haka. Akwai ƙananan masu sana'a da ƙungiyoyi da masu fasahar da ba a san su ba da ke neman mai yi musu wannan aikin, kuma su za su biya ki. Ta nan ne ma na fi hango yadda za ki mayar da abin da kika rasa.

Rashin barcin kada ki yi wasa da shi. In kin ajiye wayar mako biyu ko uku bai daidaita ba, ko kin ga tunanin asarar yana hana ki cin abinci da fita cikin mutane, ki ga likita ki gaya masa komai, har da maganar kuɗin. Ki sake rubuto mini in kun gana da aminiyar taki.

Anti